Ɗan'uwan da Ba Ya Cikin Takarda

Matasan da ke shigowa ofishinmu yanzu suna ganin inshorar gida aikin yatsa ne. Ka buɗe waya, ka cike gurabe, ka danna, takarda ta fito. Ba ƙarya suke yi ba, takardar tana fitowa. Abin da nake gaya musu shi ne, fitar da takarda ita ce mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Na haura shekara talatin ina wannan sana'a a Makka, wadda mutanen nan ke kira ta'amin, kuma kuskure mafi girma da na yi ba a lissafi na yi shi ba. A kalma ɗaya ta Hausa na yi shi.

Gidan farko da na duba a unguwar Utaibiyya yake, bene hawa uku a wani lungu da mota ba ta shiga. Na bi maigidana ne, Ammu Salim, wato Baffa Salim, wani dattijo da iyayensa suka zo daga Hadaramaut. Mai gidan ya kai mu falo, aka kawo shayi, ni har na zauna na zaro alƙalami. Ammu Salim bai zauna ba. Ya ce a nuna masa hanyar hawa sama.

Muna kan matattakala ya ce da ni, "Ya waladi, ɗana, falo an gyara shi ne don kai. Rufi ba wanda ya gyara shi don kowa."

A can sama ya buɗe murfin tankin ruwa, ya zura hannu ya ɗaga ƙwallon nan da ke tsayar da ruwa idan tanki ya cika, wanda ake kira awwama, ya sake shi, ya saurara. Ya tsuguna ya tona bakin magudanar rufin da yatsa, ya fito da gashin tattabaru da ƙasa. Daga nan muka sauko hawa-hawa: akwatin wuta, wayoyin na'urorin sanyaya ɗaki, tukunyar gas da robar da ta haɗa ta da murhu. Sai da muka gama duk wannan ya koma falo ya sha shayin da ya riga ya huce, sannan ya fara yi wa mai gidan tambayoyi.

Kayan aikin da ya ba ni ba su da yawa: tocila, tef na awo, sukudireba mai gwada wuta, da ɗan littafin aljihu mai baƙin bango. Game da littafin ya kafa mini doka guda. Duk abin da mai gida ya faɗa, in rubuta shi yadda ya faɗa, a harshen da ya faɗa, kafin in taɓa takardar kamfani. Ni da Larabci na yi makaranta, don haka Hausar ma da baƙaƙen Larabci nake rubuta ta. Littattafan nan suna nan har yau a cikin kwali, sun fi arba'in.

Saboda Hausa aka ɗauke ni aiki. Mutanenmu, jikokin waɗanda suka zo aikin Hajji suka zauna, suna da gidaje da shaguna, kuma dattawansu ba sa sa hannu a takarda sai an yi musu bayani da harshen gida. Inshorar mota ba ta buƙatar lallashi, tunda dole ce. Ta gida ita ce aiki. Wani zai ce Allah ne mai tsarewa, kuma ban taɓa musu da wannan ba. Wani zai tambaye ni hukuncinta, in ce ya ɗauki takardar ya kai wa malaminsa, ni mai duba tanki ne. Da yawa ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo sun kawo maƙwabtansu.

Musayar gida daɗaɗɗiyar al'ada ce a tsakanin mutanenmu, tun kafin kowa ya san za ta shafi wata takarda. Ɗa'ifa tana kan dutse, tana da sanyi, kuma ba ta da nisa. Mutumin Makka yana son iskarta lokacin zafi. Mutumin Ɗa'ifa yana son kusancin Harami, musamman da azumi, lokacin da masauki a Makka ke gagarar mai iyali. Sai a miƙa wa juna mukulli. Ba haya, ba rubutu, ba shaida. Ka bar wa mutum gadonka da tukwanenka, shi ma ya bar maka nasa.

Gwaggo Rabi tana cikin waɗanda suka daɗe da ni. Mijinta ya rasu ya bar mata gida hawa biyu a Utaibiyya, inda a wancan lokacin take iya takawa zuwa Harami idan ƙafarta ta yi daɗi. A wata shekara da azumi ya faɗo tsakiyar zafi, ga yara suna hutun makaranta, ta aiko in zo. Ita ce ma ta tuna, ba ni ba, cewa na taɓa ce mata duk wani canji a gidan ta sanar da ni.

"Haruna, bana zafin nan ya fi ƙarfina," ta ce. "Zan hau Ɗa'ifa in yi azumina a gidan Isyaku, shi kuma ya sauko nan da iyalinsa. Wata guda. Akwai abin da zan biya?"

"Wane ne Isyaku, Gwaggo?"

"Ɗan'uwana ne mana."

Na rubuta a littafina yadda ta faɗa. A sharaɗin kamfaninmu na lokacin, idan mai gida ba ya nan, inshora tana nan daram matuƙar wanda ke ciki ɗansa ne, ko iyayensa, ko wanda suka fito ciki ɗaya. Idan wani ne daban, sai an sa sunansa a ƙarin takarda, an biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na koma ofis na cike gurbin da kalmar Larabci, akh, wato wa ko ƙane. Na buga mata waya na ce babu abin da za ta biya. Rufin ma ban hau ba a ranar, don na duba shi shekarar da ta gabata.

Abin da ban sani ba shi ne, awwamar tankinta ta mutu tun watanni. Ba ta gyara ba domin ba ta ga buƙata ba. Takan kunna injin da ke tura ruwa daga tankin ƙasa zuwa na sama idan ta ɗora shayi, ta kashe idan ta sauke. Hannunta ne ya san wannan, ba bakinta ba. Ta nuna wa matar Malam Isyaku inda barguna suke, da inda take ajiye yaji, da mukullin da ke taurin kai, amma ba ta ambaci injin ba.

Ranar Juma'a ta biyu ta azumi, Malam Isyaku ya ga ruwan famfo ya yi rauni. Ya kunna injin kamar yadda yake yi a gidansa, inda yake kashe kansa. Suka fita da hantsi don su sami wuri a Harami, suka tsaya har La'asar. Tanki ya cika ya tumbatsa. Magudanar rufin ta toshe da gashin tattabaru. Ruwan ya taru, ya sami ƙofar matattakala, ya biyo ta. Kafin su dawo, tankin ƙasa gaba ɗaya ya juye a cikin gidan. Silin na ɗakuna uku ya rufto, ruwa ya shiga bututun wayoyin wuta, injin ya ƙone.

Na isa kafin Magariba. Na tarar da Malam Isyaku, mutum mai furfura, direban motar makaranta da ya yi ritaya, ya naɗe wando yana kwasar ruwa da bokiti, da azumi a bakinsa. Na ce masa ya kwantar da hankali, akwai inshora. Na faɗa da ƙarfin gwiwa.

Bayan kwana biyu mai kimanta ɓarna ya zo daga kamfani. Ya auna, ya ɗauki hotuna, sannan ya nemi katin shaida na mai gida da na wanda ke ciki. Ya jera su a kan tafin hannunsa. Sunan uba daban, sunan kaka daban. Sunan ƙarshe kaɗai suka haɗa, Hausawi, wanda rabin unguwar ke amsawa.

"Ta wajen uwa ne?" ya tambaye ni.

Na juya na tambayi Malam Isyaku da Hausa. Ya dube ni da mamaki.

"Wace uwa kuma? Kakana da kakanta tare suka baro ƙasar Sakkwato a ƙafa. Tare suka yi noma a Sudan, jirgin ruwa ɗaya suka shiga. Ita 'yar'uwata ce."

Ni da aka haifa a cikin Hausa, na san abin da muke nufi da ɗan'uwa. Na kira mutane ɗari da wannan suna waɗanda ban san ko garinsu ba. Amma ranar da ta dace in tuna, ban tuna ba. Kamfani ya rubuto cewa bayanin da aka bayar ba daidai ba ne, don haka ba zai biya ba.

Gidan ba ya zaunuwa babu wuta. Gyaran ya fi ƙarfin Gwaggo Rabi. Bayan Salla ta koma wurin ɗanta Faisal, a wani ɗan gida hawa na huɗu can bayan gari, inda ba ta zuwa Harami sai ya sami sukunin kai ta. Faisal ya fara maganar a sayar da gidan Utaibiyya yadda yake. Malam Isyaku ya ce zai sayar da motarsa ya gyara, Gwaggo Rabi ta aika masa cewa idan ya yi haka kada ya sake gaishe ta.

Faisal ne ya zo da dabara. Ya kira ni gidansa, muka zauna mu uku. Shi Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausar sai ya lalubo.

"Ammu Haruna, abu mai sauƙi ne. A ce nono ɗaya suka sha. Ɗan'uwan shayarwa ai ɗan'uwa ne. Akwai tsofaffi biyu a unguwa da za su ce sun gani."

Ba zan ɓoye muku ba, na tsaya ina auna maganar. Gwaggo Rabi ce ta amsa.

"Kai Faisal, shekara nawa kana ganina ina lulluɓi a gaban Isyaku?"

"Ya ummi, takarda ce kawai."

"Tun ina budurwa nake rufe kaina in ya shigo. Yau saboda silin zan ce uwata ta shayar da shi? In na mutu in tarar da ita in ce mata me? Ku sayar da gidan ya fi."

Ta juyo gare ni. "Kai kuma, ɗan boko, me na ce maka ran nan?"

"Kin ce ɗan'uwanki ne."

"To na yi ƙarya?"

"Ba ki yi ba, Gwaggo."

Ammu Salim ya riga ya bar aiki a lokacin. Na same shi da safe a ƙofar gidansa yana watsa wa tattabaru hatsi. Ya saurare ni har na gama, bai yi mini faɗa a kan rufin da ban hau ba, ko da yake na ga ya riƙe abin. Tambayata kawai ya yi.

"Me ka rubuta a littafi?"

"Abin da ta faɗa."

"Da harshenta?"

"Da harshenta."

"To ita ba ta da laifi, kuma kana da shaida. Saura ka yanke ko za ka kai shaidar da za ta kama ka."

Na rubuta wa manaja takarda shafi ɗaya. Na ce mai gida ta sanar da musayar tun kafin ta tafi, ta faɗi gaskiya da harshenta, ma'aikacin kamfani ne ya fassara ba daidai ba, kuma shi ne ya ce mata babu abin da za ta biya. Na haɗa da hoton shafin littafin. Manaja ya kira ni, ya karanta a gabana, sannan ya ɗago.

"An ce kana kiran matar nan gwaggo. 'Yar'uwar mahaifinka ce?"

"A'a. Ba mu haɗa komai ba."

"To me ya sa kake kiranta haka?"

"Sa'ar mahaifina ce."

Ya ajiye takardar ya dafe goshi. "Ku mutanen nan, akwai wanda ba danginku ba a garin nan?"

Ya tura maganar ga kwamitin da ke duba ƙorafi a kamfanin. Su kuma suka ce ba za su karɓi fassarata ba, tunda ni ne abin zargi, kuma suna da gaskiya. Aka nemo wani ɗalibi daga Zariya da ke karatun digiri na uku a fannin fiƙihu, Malam Bashir. Ban taɓa ganinsa ba. A bakin ƙofar ɗakin taron muka haɗu, ya ji na amsa waya da Hausa, ya miƙo hannu muka gaisa, aka kira mu ciki.

Shugaban kwamitin ya tura masa hoton shafin, ya ce ya karanta ya fassara. Malam Bashir ya karanta, ya ce a asalin lafazi kalmar tana nufin ɗan da uwa ta haifa, amma Hausawa suna faɗinta ga wa da ƙane, da ɗan baffa, da ɗan garinsu, da wanda suka haɗa tafiya. Larabcinsa ya fi na kowa a ɗakin tsabta.

"Wannan bayani ne mai faɗi," in ji shugaban. "Muna son misali."

Malam Bashir ya nuna ni. "Wannan bawan Allah ban san sunansa ba. Yanzu a ƙofa na fara ganinsa. Ku tambaye shi da me na kira shi."

Suka dube ni. Na ce, "Ya ce, sannu ɗan'uwa."

Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya, ya rufe bakinsa da hannu. Shugaban bai yi ba, amma ya rubuta wani abu mai tsawo.

Kamfani ya biya. Ya cire ɗan kuɗin da da an biya tun farko, ya biya sauran. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi, aka ɗauke ni daga aikin gidaje aka mayar da ni teburin motoci. Wannan ita ce shekarata mai wuya. Ina zaune daga safe zuwa yamma ina karɓar hotunan ƙofofin da suka lotse, ba tocila, ba rufi. A shekarar ce kuma rusau ya ci wani ɓangare na unguwar Nakkasa, mutanen da na yi shekaru ina shiga gidajensu suka watse zuwa unguwannin da ban sani ba. Na ɗauka ko an mayar da ni, babu wanda zan tarar.

Ba haka ya zama ba. Labarin ya zaga, ba ta bakina ba. Da aka mayar da ni, waɗanda suka tashi daga Nakkasa suka riƙa kirana in zo in duba sababbin gidajensu. Wani dattijo ya ce da ni, "Kai ne wanda ya kai ƙarar kansa? Zo ka hau rufina."

Daga wannan aiki na fitar da yadda nake yi wa duk mai son musayar gida. Ina gaya masa ya zo tun kafin ya miƙa mukulli, domin kowane kamfani da sharaɗinsa, kuma sharaɗin da aka karanta bayan ɓarna ba ya gyara komai. Ina karɓar sunan wanda zai shiga da katinsa, da ranar shiga da ta fita. Ina tambaya ko akwai kuɗi a tsakani, don idan akwai, haya ce, kuma hukuncinta daban. Ina gaya masa abin da takarda ba za ta ɗauka ba: zinariya da ta ɓata alhali ba a fasa ƙofa ba, da wuya a biya ta, gara a kai ta wani wuri. Ina tuna masa cewa ɗaya gidan ma yana buƙatar tasa takardar. Kuma idan ya ce ɗan'uwa, ina ajiye alƙalami in ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya?" Wasu suna jin haushi. Nakan ba su haƙuri in sake tambaya.

Sai abin da babu shi a tsarin kowane kamfani. Ina hawa rufi, ko jiya na duba shi. In na sauko, ina zama da wadda ta fi kowa daɗewa a ɗakin girki, in ce ta labarta mini yadda ranarta ke tafiya tun daga Asuba: me take kunnawa, me take kashewa, me ba a haɗa shi da me. A nan ake jin cewa idan an kunna injin wanki ba a kunna na'urar sanyaya falo, ko cewa tagar baya sai an tokare ta in iska ta taso. Ina rubuta su a takarda guda da Larabci da Hausa, a manna a bayan ƙofar ɗakin girki. Waya ba ta yin wannan tambaya. Wanda ya koyi yinta ba zai rasa aiki ba, ko da manhajar ta canza sau goma.

Gwaggo Rabi ta koma gidanta bayan wata biyar, da sabuwar awwama. Malam Isyaku ya yi shekara biyu bai yarda ya karɓi mukullin ba. Yakan sauko daga Ɗa'ifa ya yi Umara ya koma a ranar, ko ruwa ba ya tsayawa sha a Utaibiyya. A shekara ta uku ta aiko in zo da takarduna. Na shiga na tarar da shi zaune a bakin ƙofar falo, kansa a ƙasa, ita tana can ciki da lulluɓinta.

Na hau rufi na sauko. Na manna takardar a bayan ƙofa. Sannan na zauna na buɗe littafi.

"Gwaggo, wa zai zauna a gidan?"

"Ga shi nan kana gani."

"Mene ne tsakaninku?"

"Ka fara ko?"

"Aikina ne, Gwaggo."

"To rubuta. Ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba, ba mu haɗa kaka ba, nono ma kowa da wanda ya sha. Ka rubuta?"

"Na rubuta."

"Nawa ne kuɗin baƙon?"

Na faɗa mata. Malam Isyaku ya sa hannu a aljihu, ta ce idan ya fito da hannun nan da wani abu a ciki za ta fasa tafiyar. Ta biya, ta zaro mukullin daga bakin gyalenta ta ba ni in miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu.

A takardar kamfani na cike gurbin da cewa ba dangi ba ne. Ina rufe littafin ta ce, "Tsaya. A naka littafin, ƙara a ƙasa: ɗan'uwana ne."

Na ƙara.